Hutun Masu Allura Da Zare A Ƙasar Ingila

Akwai wata al'ada a Ingila da Amurka wadda ya kamata malaman makaranta da ma'aikatan ofis su ji labarinta, ko da ya ke in an faɗe ta a taƙaice sai ta ba mutum dariya. Al'adar kuwa ita ce, mutane su bar gidajensu da iyalinsu, su biya kuɗin mota da na masauki, su tafi wani wuri a keɓe su yi kwana biyu ko uku, su zauna tare suna ta ɗinki da hannu tun daga safe har dare. Mai jin wannan yana iya cewa, wanda ya tafi hutu da aiki a cikin jaka, ina hutun ya ke? Tambaya ce mai kyau. Amma kafin mu amsa ta, sai mu fara bayyana irin ɗinkin, da asalinsa, da yadda taron ke gudana, sa'an nan mai karatu ya yi hukunci da kansa.

Irin Ɗinkin

Ɗinkin da ya fi tara su shi ne wanda za mu kira ɗinkin gicciye, domin ko wane ɗigo nasa zare biyu ne da su ka gicciye juna, kamar harafin X. Ba a zana kome a jikin ƙyallen. Ƙyallen ne a ke saƙa shi da gida-gida daidai wa daida, kamar littafin lissafi na 'yan makaranta, ko wace kusurwa da ɗan rami inda allura za ta bi. Zanen kuwa yana kan takarda dabam, ita ma mai gida-gida, ko wane gida da alamar launin zaren da za a sa masa. Aikin mai ɗinki shi ne ya ƙidaya a takarda, ya ƙidaya a ƙyalle, ya sa ko wane ɗigo a gidansa.

Ƙyallen da masu koyo su ka fi amfani da shi sunansa Aida, kuma kamfanin Zweigart na Jamus, wanda aka kafa a 1877, shi ya yi suna wajen saƙa shi. A kan auna shi da yawan gidajen da ke cikin inci ɗaya: akwai mai 11, da mai 14, da mai 16, da mai 18. Waɗanda hannunsu ya faɗa su kan koma ga lilin mai zare 28 ko 32 a inci, suna tsallake zare biyu biyu. Zaren kuwa na auduga ne mai sili shida a murɗe, a kan warware shi a ɗauki sili biyu don ƙyalle mai 14. Kamfanin DMC na garin Mulhouse a Faransa, wanda asalinsa ya koma 1746, yana da launi wajen 500, ko wanne da lambarsa, har ya zama in mace a Amurka ta ce wa 'yar'uwarta a Ingila lamba 310, ta san baƙin zare a ke nufi. Allurar ba ta da tsini, don kada ta tsaga zaren ƙyallen, sai ta bi ramin da ke nan.

To, ga inda malaman lissafi za su saurara. A ce zane yana da gida 126 a faɗi, 126 a tsawo. In an ɗinka shi a ƙyalle mai 14, zai fito inci 9 ko wane gefe. In an ɗinka shi a mai 18, sai ya fito inci 7. A kan bar rarar inci 3 ko wane gefe saboda ɗauri, watau mai ƙyalle na farko sai ya yanki inci 15. In kuwa zanen ya cika ko wane gida, ɗigonsa 15,876 ke nan. Mu ɗauka mutum yana sa ɗigo 100 cikin sa'a ɗaya, to zai ci sa'a wajen 159, in kuma sa'a biyu ya ke samu ko wace rana, sai ya yi kusan kwana 80 a kan abin da bai wuce faɗin faifai ba. Wanda ya fara wannan aiki lalle ya san sannu ba ta hana zuwa.

Asalinsa

Turawa ba su ne su ka fara ɗinki bisa ƙidayar zare ba. A gidan ajiye kayan tarihi na Victoria and Albert da ke London akwai ƙyallayen gwajin ɗinki da aka samo daga Masar, na ƙarni na 14 ko na 15. Cikin shekarun 1520 aka fara buga littattafan zanen ɗinki a Jamus, daga nan zane ya riƙa ƙetare iyakar ƙasa a kan takarda. Kafin littattafan su yawaita, mace ta kan ajiye wani ƙyalle, duk sa'ad da ta ga wani ado da ya ba ta sha'awa sai ta ɗinka samfurinsa a kai don kada ta manta. Mafi tsufa a Ingila cikin waɗanda ke ɗauke da shekarar da aka yi su shi ne na wata mai suna Jane Bostocke, na 1598, yana nan a wannan gida da mu ka ambata.

Daga baya ƙyallen samfur ya shiga makaranta. Cikin ƙarni na 18 da na 19 yarinya ta kan ɗinka haruffa tun daga A har Z, da lambobi, da sunanta, da shekarunta, watau ta koyi karatu da ƙidaya da ɗinki a zama ɗaya. Ga 'ya'yan masu hali ado ne, a rataye a bango. Ga 'ya'yan talakawa da marayu kuwa takardar shaida ce. 'Yan matan gidajen marayu da George Müller ya kafa a Bristol sun bar ƙyallaye cike da haruffa na jan zare, ƙanana ƙwarai, domin yarinyar da ke neman aiki a gidan masu arziki sai ta iya sa alamar sunan mai gida a jikin zanen gado da tufafi. A 1886 wata mutuniyar Austiriya, Thérèse de Dillmont, ta fitar da babban littafinta na koyar da aikin allura tare da kamfanin DMC, aka fassara shi cikin harsuna da yawa.

Da injuna su ka karɓe ɗinkin tufafi, sai masu kishin aikin hannu su ka kafa makarantu da ƙungiyoyi don kada ya ɓace. A 1872 aka kafa makarantar nan da a yau a ke kira Royal School of Needlework, wadda tun 1987 ta ke zaune a fadar Hampton Court. Ita ta yi adon alkyabbar Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta bikin naɗi a 1953. A 1906 aka kafa ƙungiyar masu ɗinkin ado ta Ingila, a 1958 ta Amurka, wadda ta kan tara 'ya'yanta ko wace shekara su yi kwanaki suna koyo. Ƙungiyar matan karkara ta Ingila kuma ta buɗe kwalejin Denman kusa da Abingdon a 1948, inda matar manomi ko ta maƙeri ke iya zuwa ta kwana uku ko huɗu ta koyi girki ko ɗinki. Daga irin waɗannan ne hutun ɗinki na yau ya samo tushe.

Yadda Taron Ke Gudana

Gani ya kori ji. Mun sami halartar ɗaya daga cikin irin waɗannan tarurruka a wani masauki da ke karkarar Ingila, ga kuma abin da mu ka gani.

Ranar Jumma'a da la'asar a ke sauka. An keɓe babban ɗaki mai tagogi da yawa, an jera tebura, ko wanne na mutum shida zuwa takwas. Ko wace mai zuwa ta kan zo da kayanta: ƙyalle a ɗaure cikin ƙawanyar katako don ya miƙe, da akwatin zare a jere bisa lamba, da ɗan almakashi, da 'yar fitila ta kanta, waɗansu har da gilashi mai ƙara girman abu. Yawancinsu mata ne, daga 'yan shekara ashirin har masu jikoki, amma akwai maza kaɗan, ba wanda ya dube su da mamaki. Cikinsu akwai malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da akawuna, da waɗanda su ka bar aiki.

Ba a buga ƙararrawa, ba a kiran suna. Masu masauki su ke dafa abinci, su ke wanke kwanoni, wannan kuwa shi ne rabin abin da matan su ka biya kuɗi dominsa. Ranar Asabar da hantsi wata gwana ta koyar da darasi na kamar sa'a biyu ga mai so, wanda ba ya so ya ci gaba da nasa aiki. A wani lungu an ajiye tebur inda mai ragowar zare ko zanen da ta gama da shi za ta ajiye, mai bukata ta ɗauka. Akwai kuma 'yan kasuwa biyu ko uku da su ka baza kaya. Da dare sai aka yi nuni, ko wacce ta ɗaga aikinta, wanda aka gama da wanda ke hannu, ta faɗi tsawon lokacin da ta yi a kansa. In wata ta sa ɗigon ƙarshe a wani aiki nan cikin ɗakin, sai kowa ya ajiye allura a tafa mata. Ranar Lahadi bayan abincin rana a ke watsewa.

Abin da ya fi jan hankalinmu, mu da aikinmu ya ke horar da malamai, shi ne yadda ilimi ke wucewa daga hannu zuwa hannu ba tare da allo ba. Sabuwar shiga ta zauna kusa da wata dattijuwa, cikin yini ɗaya ta koyi ƙa'idodin da in a littafi ne sai ta yi wata tana lalube. Ta koyi a naɗe ƙyalle biyu, a sāke naɗewa, a sami tsakiya a fara daga can, don kada zane ya zurme gefe ɗaya. Ta koyi kada zare ya wuce kamu ɗaya, domin in ya yi tsawo sai ya harɗe ya kuma ƙoƙe. Ta koyi ba a ƙulla zare a baya, sai a tura jelarsa ƙarƙashin ɗinkin da aka riga aka yi. Ta koyi lalle zaren sama na ko wane ɗigo ya karkata gefe ɗaya, in ba haka ba haske zai tona asirin aikin. Ta kuma koyi hanya biyu ta tafiya: ko a gama ko wane ɗigo kafin a wuce, ko kuwa a yi layi na rabi rabi a dawo ana rufewa.

Sai babban darasi. In mai ɗinki ta yi kuskuren gida ɗaya wajen ƙidaya, ba za ta gane nan da nan ba. Sai ta yi nisa, ta ga gefe biyu na zane sun ƙi haɗuwa, sa'an nan ta koma tana bin sawu har ta sami inda ta kauce, ta warware duk abin da ta ɗora a kai. Mun ga wata ta warware aikin yini guda, maƙwabtanta suna yi mata ba'a suna kuma taya ta tsince zaren. Duk akawun da ya taɓa kwana yana neman kwabo ɗaya da ya hana littafin kuɗi daidaita ya san wannan hali. Maganinsa a wurinsu shi ne su ja layi da zare mai launi dabam bayan ko wane gida goma kafin su fara, kamar yadda mai hankali ke haɗa jimla a ƙarshen ko wane shafi, ba ya jira sai ƙarshen wata.

Me Ya Sa Su Ke Zuwa

Da mu ka tambaya, amsoshin ba su wuce uku ba. Na farko, lokaci. Mace mai aiki da 'ya'ya ba ta samun sa'a biyu a jere a gidanta, a nan kuwa tana samun kwana biyu. Na biyu, abokan zama. Ɗinki aiki ne na kaɗaici, da yawa cikinsu kuwa ba su da ko mutum ɗaya a unguwarsu da ya san bambancin ƙyalle mai 14 da mai 18. Wata gwauruwa ta gaya mana tun rasuwar mijinta ba ta zauna cin abinci da mutane da yawa haka ba sai a irin wannan taro. Na uku, kwanciyar rai, domin zuciyar da ke ƙidaya ba ta da sararin saƙe-saƙe.

Wannan na uku tarihi ya shaida shi. Lokacin Yaƙin Duniya na Farko an koya wa sojojin Ingila da su ka ji rauni ɗinkin ado a asibitoci, don hannu ya warware rai kuma ya huta. A Yaƙi na Biyu wani hafsa, Manjo Alexis Casdagli, wanda Jamusawa su ka kama a tsibirin Kirit a 1941, ya riƙa ɗinkin gicciye a sansanin fursuna da zaren da ya warware daga tsofaffin tufafi. A gefen wani ƙyalle ya jera ɗige-ɗige waɗanda masu tsaronsa su ka ɗauka ado ne, har su ka riƙa nuna aikin, alhali kuwa saƙo ne na yabon Sarkin Ingila da zagin Hitler, cikin alamun buga waya. A 1997 kuma Lady Anne Tree ta kafa ƙungiyar Fine Cell Work, wadda ke koya wa fursunoni a Ingila aikin allura, ana sayar da abin da su ka ɗinka ana ba su rabonsu. Yawancin masu ɗinkin nan maza ne.

Ga waɗansu al'ummai kuwa abin ya wuce hutu. Matan Falasɗinu suna ƙawata rigunansu da ɗinkin gicciye, har a kan gane garin mace daga zanen ƙirjin rigarta, kuma a 2021 hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Amma fa kada mu faɗi zaƙi mu ɓoye ɗaci. Hutun ɗinki na mai abin hannu ne, domin kwana biyu a masauki da abinci da kuɗin hanya ba ƙaramin abu ba ne ko a can. Ba kuma ko wane gida irin wannan ne ya ɗore ba. Kwalejin Denman, bayan shekara 72 tana aiki, an rufe ta a 2020, sa'ad da annobar korona ta hana taro ta kuma ƙara mata nauyin rashin kuɗi da ta daɗe tana fama da shi. Har wa yau, yawancin masu zuwa zanen wani su ke saye su bi, kaɗan ne ke ƙirƙiro nasu.

Ina Ruwanmu

Mai karatu yana iya cewa, to, ina ruwanmu da wasan Turawa? Ruwanmu kuwa shi ne, abin da su ke biyan kuɗi su tafi nema, mu gadonsa mu ka yi. Duk wanda ya san Zariya ko Kano ko Bida ya san yadda maɗinka ke zama a zaure ko a gindin bango, ko wanne da riga ko hula a cinya, ana hira ana aiki, yaro yana kallon hannun babba. Hanyarmu dabam ce da tasu: a wurinmu mai zane ya kan zana aska biyu ko aska takwas a jikin riga da alƙalami, mai ɗinki ya bi, su kuwa ƙidaya su ke yi. Amma haƙurin ɗaya ne, zaman ma ɗaya ne. Bambancin da ya fi girma shi ne, su don nishaɗi su ke yi, namu kuwa abincinsu ke nan, ga shi keken surfani da injin mai kwamfuta suna gama cikin sa'o'i abin da hannu ke yi cikin makonni, mai saye kuma ba kullum ya ke yarda ya biya bambancin ba.

Turawa sai da sana'ar ta kusa kuɓuce musu sa'an nan su ka farga, su ka kafa mata makaranta a 1872. Mu har yanzu gwanayenmu suna da rai. In mu ka bari su ka ƙare ba su miƙa wa kowa ba, jikokinmu sai dai su je gidan kayan tarihi su ga abin da kakanninsu su ka iya.

Saboda haka ga shawararmu ga shugabannin makarantu da na kwalejojin horar da malamai. Ɗakunan kwana da na karatu suna nan a rufe duk lokacin hutu. Ba abin da zai hana a keɓe kwana uku, a tara malamai mata da maza masu sha'awa, ko wanne ya zo da abin da ya ke ɗinkawa, a haɗa kuɗin abinci, a gayyato gwani ɗaya ko biyu daga cikin gari, a biya su ladan da ya dace, a kuma girmama su kamar yadda a ke girmama ko wane malami. Kada a sa jarrabawa, kada a yi dogon jawabi. A bar hannu ya koya wa hannu.

Ga malamin aji kuma, ɗinkin gicciye bai bukaci kaya masu tsada ba. Takarda mai gida-gida tana nan cikin littafin lissafi, duk wani ƙyalle mai sako-sakon saƙa da a ke iya ƙidaya zarensa ya isa a fara. A sa yaro ya zana harafin farko na sunansa a gida-gida, ya ƙidaya, ya auna ƙyallen da zai ishe shi, sa'an nan ya ɗinka. A nan ya yi ninkawa da rabawa da awo, ya kuma ga da idonsa abin da kuskuren gida ɗaya ke jawowa, ba tare da malami ya ɗaga murya ba. In an ci gaba, a sa su mai da dagi ko tambari zuwa gida-gida, su zama masu ƙirƙiro zane. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Ga akawu da ma'aikacin ofis, wanda ya yini yana duban takarda ko kwamfuta, muna cewa allura ba ta rage wa namiji daraja, tun da ya ke manyan rigunan da sarakunanmu su ka yi ado da su maza ne su ka ɗinka su, da yawa cikinsu kuwa malamai ne da almajirai. Wanda ya iya wani abu da hannunsa yana da abokin zama ran da aiki ya ƙare.

Allah ya sa albarka a hannuwan masu sana'a, ya ba mu ikon riƙe abin da mu ka gada, amin.